Sunan da Ba Na Kamawa

Da la'asar lafiyarsa lau,
yana bin 'yan tsakin Inna Dije a tsakar gida,
hannu ɗaya riƙe da murfin tukunya,
ɗayan yana jan wandon da ya fi ƙarfin ƙugunsa.
Bayan magariba na yi masa wanka,
bayansa sumul kamar cikin sabuwar ƙwarya.

Ɗaya saura na dare kukansa ya tashe ni.
Babu wuta tun shekaranjiya.
Na lalubo waya, na haska,
sai ga su,
jajaye, ƙanana, sun yi cincirindo a wuya,
sun gangara ƙirji, sun kewaye cibiya,
kamar an watsa gero a tabarma.

Na danna ɗaya da yatsa, ya ɓace, ya dawo.
Na ƙirga har arba'in, lissafi ya kuɓuce.
Na ɗora leɓena a goshinsa.
Zazzaɓi ne, ko tsorona ne ke ƙuna?

Babansa ya ɗauki lodin siminti daga Ashaka,
yana can wani wuri a hanyar Yola.
Sau bakwai matar nan ta cikin waya
tana ce mini in sake gwadawa an jima.
An jima!
Ita ba ta da ɗa ne?

Inna Dije ta shigo da tocila,
ta duba, ta yi shiru,
irin shirun da ya fi dutsen niƙa nauyi.
"Kar ki kama sunan abin," in ji ta,
"baƙo ne. In ya ji an kira shi, zama zai yi."
Na ce to.
Amma tana juya baya na ɗaga katifa,
na zaro katin rigakafi, na bi shi layi-layi.
Ga ta wata tara nan, da shuɗin biro.
Na tuna ranar, ya yi kuka har bakin tasha.

To me na ba shi?
Kunun gyaɗa. Rabin ƙosai.
Mangwaron da ya tsinta na ƙwace a makare.
Na gurfanar da kaina a duhu,
ni ce alƙali, ni ce mai ƙara, ni ce ɓarauniya.

Ɗan fari ne.
Shekara biyu da wata uku ban kama sunansa ba.
"Yaron nan." "Kai." "Wancan sarkin ɓarna."
Haka uwata ta yi da yayana,
haka na tarar, haka na riƙe.
Amma a daren nan
da aka hana ni sunan ciwo,
na kai bakina kunnensa,
a hankali, kamar mai satar gishiri,
na ce: Iliyasu.
Iliyasu, ni ce.
Ya ja ajiyar zuciya, ya damƙe bakin zanena.

Ana sallame asuba na goya shi.
A asibitin Bajoga ni ce ta huɗu a benci.
Sista Rifkatu ta buɗe bakinsa, ta leƙa bayan kunne.
"Ido garau, ba tari, ba majina.
Kin canja sabulu?"
Sai na tuna shi,
kore, mai ƙamshin lemo, uku ɗari biyar.
Araha ba ta ado, ashe har ƙaiƙayi take sawa.
Ta ba ni farin magani a kwalba:
"In jiki ya yi zafi ki dawo, ko tsakar dare ne."

Yanzu ga shi can, ɗige-ɗigen fari kamar zabo,
ya koma farautar 'yan tsaki.
Sabulun na ajiye wa wandon aikin babansa.

Inna Dije tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba:
"Jiya kamar na ji an kira wani suna a ɗakin nan."
Na sunkuya ina hura wuta.
"Iska ce, Inna."
Hayaƙi ya rufa mini asiri.